Akwatin Rezo na Tibiri

Talata, 16 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Hamsatu ta kira daga Tibiri tun ban jingine moto ba. Wai Partaj ya ƙi buɗewa. Na ce ta kashe akwati, ta ƙirga ashirin, ta kunna. Ta ce sau uku ta yi, na ukun da Fulatanci ta ƙirga ko zai fi ji. Na ce ai nan matsalar take, akwatin ba saniya ba ne. Ta ce bawa dai bawa ne ko an saya masa tabarau. Haka muke da ita, ni Ba'are, mutumin yankin Dutsi, ita Bafulatana, taubasai ne, gaisuwarmu ke nan.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in Yamai ta tambaya wata rana kada in yi ta kame-kame. Ƙungiyarmu ta Rumbun Gobe tana raba wa manoma irin hatsi da na wake kafin shuka. Biro biyu gare mu, wato ofisoshi, babba nan Dogon Dutsi, ƙarami a Tibiri. Sunayen manoma duka suna cikin kundi guda da muke kira Partaj, cikin tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da ke ɗakin kodinata, shugabanmu Malam Abdulwahid. Hamsatu ce sakatariyar Tibiri, daga kujerarta take buɗe kundin ta zuba sunayen ƙauyukanta. Kowane biro da akwatin rezonsa, na'urar da ke kawo masa intanet, kuma akwatunan ba kai tsaye suke magana ba, sai sun bi ta wata na'ura a Yamai da ke hannun Madam Lubna. Ita ta haɗa komai bara ta koma, aka bar ni gadi. A takarda sunana informatisiyen, masanin ordinater. A kasuwa har gobe Munkaila mai filashin ne, wanda ya yi shekara goma yana tayar da matattun salula a bakin tasha.

Ranar Alhamis an yi hadari, kuran, wato wutar lantarki, ya yi tsalle a Tibiri. Juma'a na je na ɗauko akwatinsu, na ce gyara. Jiya na mayar. Fitilu duka kore, intanet yana zuwa. Na yi abin da ya kamata a yi.

Laraba, 17 ga Mayu, bayan azahar

Sabon salo. Yau mu ma nan Dutsi Yamai tana ɓace mana. Kodinata zai tura rapor, rahoton aiki, ya tafi rabi ya tsaya, ya sake, ya tsaya.

Ya kira ni. Yaro ne a kaina da kusan shekara takwas, mai gemu da wando ɗangale, ba ya shan shayin kowa, ba ya ƙarya. Wannan na ƙarshen shi ke sa zama da shi wuya. Ya tambaye ni mene ne. Na ce kamfanin rezo ne, tun hadarin nan antenansu ba ta dawo daidai ba. A ƙasar nan ba a taɓa ɗaure mutum don ya ɗora wa rezo laifi ba.

Abin da na lura: ƙarfe takwas, lokacin da Hamsatu ke buɗe biro, namu ke fara in'ina. Ƙarfe ɗaya, in ta kashe komai ta tafi salla, namu ya miƙe sumul. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ma haka. Takwas ya lalace, ɗaya ya gyaru.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan masallaci

Ranar kasuwa. Na biya rumfar Sha'ibu, tsohon abokin sana'ata. Na tambaye shi ko kayan da ya samo mini yana da wani ciwo da bai faɗa ba. Ya rantse lafiyarsa lau, okaziyon ne, na hannu, amma iri ɗaya sak da wanda na nuna masa, har ɗan tabon kamfani. Ya tambayi yadda na cika shi. Na ce yadda muka saba: in salula ta zo babu komai a kanta, ka nemo tagwayenta mai lafiya, ka kwashe cikin waccan ka zuba wa wannan. Ya ce to in haka na yi ai babu kuskure, shekara nawa muna yi.

Shekara nawa muna yi. Na sayi goro na dawo.

Litinin, 22 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Tibiri. Na tashi da sanyin safiya, hanya ta jiƙe wajen Kore Mai Ruwa, mutane har sun fara gwada shuka a jigawa.

Na duba waya ɗaya bayan ɗaya, na cire na hura na mayar. Na canza igiyar da ke tsakanin akwati da ordinater. Na kashe garkuwar ordinater na sake gwadawa. Na buga mot-de-pas, kalmar sirri, da hannuna ko ita ce ke kuskure. Babu.

Sai Hamsatu ta ce in matsa, akwai abin da za ta nuna mini. Ta rubuta lambar ordinater ta Dutsi, wadda ke ƙarewa da goma, kamar yadda Madam Lubna ta koya mata. Maimakon Partaj, sai ga shafin impirimant, injin buga takarda da ke kan teburinta, ya buɗe, yana ce mana tawada ta kusa ƙarewa. Ta ce tun Talata take kiran Dutsi, abin da ke gefen gwiwar hannunta ke amsawa. Na ce na san da wannan. Ban sani ba.

Tana zuba mini fura ta ce, kamar ba komai, akwatin nan ya yi haske. Na ce gogewa ya sha. Ta ce gogewar har ta cinye tambarin ƙungiya da ke ƙarƙashinsa, mai lamba, wanda take share wa ƙura kowace safiya. Na ce nonon nan ya yi tsami. Ta ce regilater ɗin da ke tare wa akwatin tsallen kuran, wanda na ɗauka tun azumi, na ce fis zan canza, shi ma gogewa yake sha? Na ce Bafulatana ba ta manta ko tsinken da ta ara maka. Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ajiye sauran furar.

Na kwashe aikinta na mako a kile, 'yar ma'adanar da ake soka wa ordinater, na zo da shi.

Laraba, 24 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Yanzu ni ne rezo. Kwana biyu-biyu nake zuwa Tibiri in ɗauko sunaye a kile in zuba a Dutsi. Kodinata ya yabe ni gaban mutane, ya ce da kowa na da himmar Malam Munkaila da ba a shiga wannan hali ba. Na sunkuyar da kai yadda ake yi.

Bayan la'asar aka gano sunayen ƙauye guda sun shiga sau biyu, na wani ƙauyen kuma tsohon jeri ya hau kan sabo ya shafe mata talatin da ɗaya. Ni na zuba. Kodinata ya tambayi daga ina kundin ya fito, na ce daga Tibiri. Gaskiya ne, daga Tibiri ya fito.

Juma'a, 26 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Madam Lubna ta kira. Ba ta da doguwar gaisuwa, mutanen Yamai ke nan. Ta ce a na'urarta akwatin Tibiri bai yi magana ba tun sha ɗaya ga wata, shi kuwa na Dutsi sai tsalle yake, yanzu yana nan, bayan minti guda yana wani wuri, kamar mutum ɗaya a gari biyu. Ta tambaya ko an taɓa wani abu. Na ce ni dai ina zargin rezo. Ta ce rezo ba ya haka. Na ce namu na nan yana yin abin da na Yamai bai iya ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ɗauko mata hoton ƙarƙashin akwatin Tibiri in na je.

Na ce to.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Litinin, 29 ga Mayu, bayan azahar

Reyiniyon, wato taro, a Dutsi. Kodinata, ni, dattawan kwamiti uku da shugabansu Alhaji Abdussalamu, sai Hamsatu da aka kira ta taso tun asuba a motar kasuwa.

Kodinata ya karanto abin da ke takardarsa. Partaj ya tsaya a ɓangaren Tibiri. Sunaye sun ɓata a ɓangaren Tibiri. An ji cewa sakatariya tana kashe na'urori ta kunna yadda ta ga dama. Kontiraginta zai ƙare sha biyar ga Yuni, kuma ba zai iya roƙon Yamai ta sabunta shi ba in haka aikin yake. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta ko tana da magana.

Ta gyara mayafi, ta dube ni, ta ce:

"Ku tambayi bawan nan nawa ina ya kai akwatinmu mai tambari. Ba'are ne fa. In ka ba shi ajiyar akuya, tunkiya zai maido maka ya ce wanka ya yi mata."

Ɗakin ya fashe da dariya. Alhaji Abdussalamu har da tafa cinya. Ni kuwa bakina ya riga ni, bakin kasuwa ba ya jiran izini. Na ce Bafulatana ko allura ta ɓatar a ruga sai ta ce Ba'are ya bi ta nan. Aka sake kwashewa. Alhaji ya ce tsakanin taubasai ba a shiga, su suka san abinsu tun kakanni. Kodinata ya ƙwanƙwasa tebur ya ce a bar wasa, magana ce ta aiki, in ba ta da wata amsa sai a ci gaba.

Ta ce ba ta da wata.

Ba za ta faɗe shi ta wata hanya ba, na sani. Shanun babanta sun yi shekara ashirin suna kwana a gonar babana a bayan Matankari suna zuba taki, mu muna ba su hatsi. Bafulatana ba ta kai ƙarar Ba'are gaban baƙo. Ƙofa ɗaya gare ta, ta wasa, ta bi ta nan gaban mutum shida, ni kuma na rufe ta da dariya.

An raba lemo. Nata ta bar shi a kan tebur.

Talata, 30 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ban je Tibiri ba. Na ce tayar moto ta fashe.

Alhamis, 1 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina kallon bidiyo da Faransanci, ina tsayarwa ina komawa baya. Na tsaya a aji uku na kwaleji, amma abin da na sa wa ido ina gane shi. Ga rabin maganar: da na kwashe cikin akwatin Dutsi na zuba wa wancan, har da lambobin gida na kwasa. Biro biyu suka zama unguwa ɗaya mai lambobi iri ɗaya. Hamsatu in ta aika a kira mai lamba goma, ɗan aiken ba ya fita gari, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar goma ta cikin gida, wato impirimant.

Na je yau na canza wa Tibiri lambobi. Impirimant ya daina amsawa. Na ji daɗi na minti biyar. Partaj ya leƙo, na ga sunansa da idona, ya ɓace. Ya sake leƙowa, ya ɓace. Kodinata ya kira daga Dutsi yana cewa nasu ya yanke.

Ga ɗaya rabin. Kowane akwati yana da mabuɗin sirri da yake nuna wa na'urar Yamai ta san shi. Salula ba ta da wannan, shi ya sa ban kawo shi a rai ba. Yanzu akwati biyu ke riƙe da mabuɗin Dutsi, wanda ya yi magana ƙarshe shi Yamai ke saurare, ta saki ɗayan. Mabuɗin Tibiri na gaskiya yana cikin wanda ya ƙone. Sabo kuwa mutum ɗaya ke yanka shi a ƙasar nan, kuma tana jiran hoto.

Na rubuta wanda ya ƙone. To, na rubuta.

Da na isa da safe Hamsatu ta miƙe ta ce, da Faransancin da ake yi wa manyan baƙi, "Bonjur, Mushe Munkaila. An zo lahiya?" Ta ba ni kujera. Ta kawo ruwa a kofin baƙi. Na ce ina furar bawa, ta ce ta yi haƙuri yau ba a dama ba. Na tsokane ta da batun shanu, ta ce Allah ya ba su lafiya. Duk yinin ba ta zage ni ko sau ɗaya ba. An sha zagina a kasuwa har da uwa, ban taɓa jin abu kamar wannan ladabi ba.

Na ga ta fara haɗa takardunta cikin kwali.

Asabar, 3 ga Yuni, da hantsi

Gida. Matata Balki tana ɗaura ƙanƙara da lamurje a leda, yara na kaiwa bakin hanya. Firigon yana ta gurnani lafiya lau, tun azumi bai yi tari ba, duk tsallen da kuran ke yi. Ta ce abin nan da na kawo aka sa a ƙarƙashinsa albarka ne, na maƙwabta biyu sun ƙone a hadarin nan. Ta tambaya ko biro ba su neme shi ba. Na ce ba su nema ba.

Sati biyu na ce zan riƙe regilater ɗin. Niyyata ke nan ranar da na ɗaure shi a bayan moto, Allah ya sani. Azumi ya wuce, zafi bai wuce ba.

Akwatin da ya ƙone yana cikin buhun taki a bayan randa. Har yanzu yana warin roba.

Litinin, 5 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu

Kodinata ya ba ni takarda. Yamai na son rapor na mai fasaha kafin a rufe maganar kontiragi. Layi uku kawai: abin da ya lalace, dalili, sa hannu. Ya ce shi ba ya son zaluntar kowa, shi ya sa ba zai rubuta abin da bai sani ba, ni ne masani, abin da na rubuta shi zai tura. Ya ce yana da amana a kaina. Laraba yake so.

Madam Lubna ta turo saƙo: hoton fa?

Talata, 6 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Dalili: matsalar rezo. Na soke. Lubna za ta gane.

Talata, bayan la'asar

Dalili: kuskuren mai amfani. Kalma uku. Babu suna a ciki. Na taɓa sayar wa ɗan sanda salular da aka tsamo daga rijiya, ko a jikina.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ban sa hannu ba tukuna.

Laraba, 7 ga Yuni, bayan azahar

Da safe na ce wa Balki ta kwashe ƙanƙararta ta kai gidan yayarta. Ta tsaya da leda a hannu tana kallona ina jan firigo. Ba ta yi tambaya da yawa ba, shekara sha huɗu muna tare, ta san fuskar da nake yi in ciniki ya ƙare. Ta ce dai in share ƙurar kafin in kai wa mutane kayansu.

Na shiga ɗakin kodinata da buhu a hannu ɗaya, regilater a ɗaya. Na ɗora su a kan teburinsa. Na juya ƙonannen ya ga tambarin, rabi ya narke, lambar tana nan.

Na shirya magana a hanya, mai kyau, mai hawa da sauka, da hadari a ciki da kyakkyawar niyya. Da na buɗe baki sai gajerar ta fito. Na ce ni na ɗauke regilater na kai gidana, kuran ya ƙone akwati, na sayo wani a ɓoye na cika shi da cikin namu, sunayen da suka ɓata ma ni na zuba. Na ce Hamsatu ba ta taɓa komai ba sai ƙura.

Ya dubi buhun. Sai ya ce, "Ashe ranar nan ba wasa take ba."

Na ce wasa take. Gaskiya ce kawai a ciki.

Ya ce shi bai tashi cikin wannan al'ada ba, ya ɗauka surutu ne, kuma ya yi dariya a ransa tare da kowa, wannan nasa ne zai nemi gafararta. Nawa kuwa zai rubuta wa Yamai yadda na faɗa, ba ƙari ba ragi. Ya karɓi mabuɗan biro biyu daga hannuna. Ya ce in gama haɗa rezon gobe tare da Madam Lubna, daga nan in zauna gida har a ji abin da suka yanke.

Na tura wa Madam Lubna hoton. Amsarta kalma ɗaya ce da ba zan rubuta a nan ba, sannan ta ce gobe ƙarfe tara.

Alhamis, 8 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Direban ƙungiya ya kai regilater Tibiri tun safe. Ni ina Dutsi, Madam Lubna a waya ɗaya, Hamsatu a ɗaya, kodinata zaune a bayana. Lubna ta yanka sabon mabuɗi ta tura, ta ce Hamsatu ce za ta sa shi, ba ni ba. Ta bi da ita mataki-mataki. Ta ce canza lambobin da na yi daidai ne, da na kira ta tun ranar farko da aikin minti ashirin ne. Minti ashirin da biyar ya ɗauka.

Ƙarfe goma Tibiri na kunne, Dutsi na kunne, babu wanda ya ture wani. Muka jira sha ɗaya. Muka jira sha biyu. Kodinata ya tura rapor ɗinsa ya tafi gaba ɗaya, wanda sunana ke ciki. Ya ce ya sa hannu a kan kontiragin Hamsatu.

A waya duk Mushe Munkaila Hamsatu take ce mini. Lubna ta ce saura gwaji na ƙarshe, Tibiri ta ajiye sabon abu a Partaj mu gani ko zai iso. Muka zuba wa allo ido. Sai ga ƙaramin kundi ya fito a ƙasan jerin ƙauyuka, sunansa gwaji. Kodinata ya ce in buɗe.

Layi biyu ne.

"Bawana, tunkiyar taka ta fara kukan akuya. Tawadar impirimant ta ƙare, in sun kore ka ma kai za ka kawo ta, da ƙafa."

Kodinata ya karanta ta kan kafaɗata. Ya tambaye ni, a hankali, wannan wasa ne ko magana ce.

Na ce duka biyu. Na tashi na ba shi kujerarsa, na tafi rumfar Sha'ibu neman tawada.